Lemo mai sukari da lemon "ziro": wanne ya fi cutar da jiki?

Shin da gaske ne lemon kwalba marar sukari, wanda ake kira ziro, ya fi mai sukari illa? Tambayar ta ƙi mutuwa a majalisun Agege da Idi-Araba da rumfunan kasuwar Mile 12, tun daga watan Yulin 2023 da aka ji cewa wani reshe na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa sinadarin asfatem cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar kansa. Labarin ya tsufa a gidajen rediyo, amma saƙon murya ba ya tsufa a WhatsApp. Bayan 'yan watanni sai wani ya tono shi ya sake turawa, a ƙara masa gishiri.

Ina da kawu mai sayar da albasa a Mile 12. Kafin likita ya gaya masa yana da ciwon sukari, roba uku yake shanyewa a wuni: ɗaya da hantsi in an gama sauke kaya, ɗaya a kan shinkafar rana, ɗaya a gosulo kan hanyar gida. Da aka tsorata shi sai ya koma ziro, mai baƙin murfi. Rannan na leƙa rumfarsa na tarar da tsohon abokin nasa, mai sukari, a gefen buhu, yana zufar sanyi.

"Kawu, wannan fa?"

"Kai ɗan nan, ba ka ji abin da ake faɗa ba? Wancan kemikal ne zalla, kansa yake sawa. Gara wannan, ai rake ne. Rake ya taɓa kashe wani?"

Wannan amsa ta kawu ita ce tushen rikicin gaba ɗaya, don haka bari mu warware ta zare-zare.

Me ke cikin robar?

Lemon kwalba na yau da kullum ruwa ne, da iskar gas, da ɗan tsami, da kala, da ƙamshi, sai sukari. Sukarin kuma ba ɗan kaɗan ba. Sanannun lemuka irin su Coca-Cola na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100. Robar 50cl da yara ke bin danfo da ita a Oshodi da Ojota tana da giram 50 ke nan ko fiye. Ƙaramin cokalin shayi na ɗaukar kamar giram 4, saboda haka roba ɗaya cokali 12 ne zuwa 13. Wanda zai tsaya gaban mai shayi ya ce a zuba masa cokali goma sha biyu a kofi guda, har mai shayin sai ya ɗago kai ya dube shi. A cikin lemo kuwa ba a jin nauyinsa, domin sanyi da gas da tsami suna danne zaƙin a harshe. Ka bar lemo ya kwana a buɗe ya huce, ka kurɓa da safe, a nan za ka ji ainihin abin da ke ciki.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni: sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in kuma an iya a rage shi zuwa ƙasa da kashi 5. Ga baligi matsakaici, kashi 10 ɗin nan kusan giram 50 ne, kashi 5 kuma giram 25, wato cokali 6. Roba ɗaya ta cinye rabon yini tas, tun ba a lissafa sukarin koko da safe da na shayin dare ba.

Na yi wa kawu lissafinsa a bayan wani kwali. Roba uku a rana giram 150 ne. A wata kilo huɗu da rabi. A shekara kilo 54 da ɗoriya, ya zarce buhun sukari mai kilo 50 da ake ɗora wa ɗan dako a ka. Ya daɗe yana kallon kwalin. Mutum ne da ya san nauyin buhu.

Abin da sukarin sha ke yi a jiki

Kawu bai yi ƙarya ba, asalin sukari rake ne. Amma mai shan rake yana ɓare ɓawo, ya tauna, ya tsotse, ya tofar, haƙoransa su gaji kafin ya tara abin da ke cikin roba guda. Lemo kuwa minti uku ya isa. Bambancin yana cikin yawa da kuma sauri.

Sukarin da muka sani haɗin abu biyu ne, gulukos da furuktos. Gulukos na shiga jini nan take, sai wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki insulin domin a kwashe shi a kai wa tsoka da sauran sassan jiki. Furuktos kuma hanta ce ke ɗaukar mafi yawan aikinsa, in ya yi mata yawa sai ta mayar da wani sashe kitse. Daga nan ake samun hanta mai kitse a jikin mutumin da bai taɓa kusantar giya ba. Furuktos ɗin ne kuma ke ƙara sinadarin da ke taruwa a gaɓoɓi ya haddasa ciwon nan mai kumbura babban ɗan yatsan ƙafa.

Abu na biyu, ciki ba ya lissafa abin sha a matsayin abinci. Roba ɗaya na da ƙarfin kalori kusan 200, amma wanda ya sha ta ba zai rage ko loma ɗaya daga tuwonsa ba. Ƙari ne a kan abinci, kullum, shekara da shekaru. Teɓa ta fito, jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, fankiriyas ta yi ta ƙara aiki har ta gaza. Hanyar ciwon sukari nau'i na biyu ke nan, wanda shi ne ke damun mafi yawan manya. Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara bincike da dama a kan mutum sama da dubu 300, ya nuna masu shan abin sha mai sukari sau ɗaya zuwa biyu a rana sun fi waɗanda ba su cika sha ba haɗarin kamuwa da ciwon da kimanin kashi 26 cikin 100. Ba wai kowane mai sha zai kamu ba. Gado na da hannu, ƙiba na da hannu, zama wuri ɗaya na da hannu. Amma a cikin abubuwan da mutum ke iya sauyawa, wannan na sahun gaba.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Irin su ne ake kaiwa asibitin koyarwa na LUTH da ke nan Idi-Araba da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ko ido ya fara dusashewa, a ranar ne za su fara jin sunan cutar. Mutanenmu sun fi danganta zaƙi da basir, abin da maƙwabtanmu Yarabawa ke kira jedi-jedi, shi ya sa in mutum ya sha lemo sai ya bi da namijin goro ko ruwan shuwaka ya ce ya kashe zaƙin. Ɗaci na kashe zaƙi a baki, ba ya ciro sukarin da ya riga ya shiga jini.

Wannan ɓangare na maganar babu jayayya a kansa tsakanin masana. Ku riƙe wannan, domin abin da ke tafe ba haka yake ba.

To shi ziro, da me ake zaƙaƙa shi?

Ana amfani da sinadarai masu zaƙi mai tsanani, ta yadda ɗan ƙanƙani ya wadatar. Mafi tsufa shi ne sakarin, wanda aka gano a 1879 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, kuma masu kunun zaƙi da ƙanƙarar leda sun daɗe da saninsa saboda arha. Asfatem an gano shi a 1965, zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 200, kuma Amurka ta yarda a sa shi a lemon kwalba a 1983. Akwai sukuralos mai ninki kusan 600, akwai kuma sitibiya da ake tatsa daga ganyen wani tsiro ɗan asalin Kudancin Amurka. A jikin roba za ka ga an rubuta su da Turanci: aspartame, acesulfame-K, sucralose, saccharin. Sau da yawa ana gauraya biyu don a ɓoye ɗan ɗacin da kowannensu ke bari a maƙogwaro.

Tunda abin da ake zubawa bai kai rabin giram a roba ba, kalorin da ke ciki kusan babu, kuma ba ya ɗaga sukarin jini yadda mai sukari ke yi. Shi asfatem da ya isa hanji sai ya rabu gida uku: sinadarai biyu irin waɗanda ake samu a nama da ƙwai da wake, sai ɗan mitsitsin metanol, wanda ruwan tumatir da na 'ya'yan itace ma ke da shi. Ɗaya daga cikin biyun farko, fenilalanin, yana cutar da masu wata cuta ta gado da ba ta da yawa, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa shi. Don su ake rubuta gargaɗin nan a jikin roba. Wasu na ganin gargaɗin su ce ga shi kamfanin da kansa ya amsa laifi, alhali ba da su ake ba.

Kalmar "kemikal" kuwa ba hujja ba ce. Gishirin miya kemikal ne, kanwa ma haka, sukarin kansa sai da ya bi ta matata kafin ya yi fari. Abin tambaya a kan kowane sinadari shi ne nawa ne, kuma me aka ga yana yi.

Maganar kansa: me aka faɗa a Yulin 2023?

Hukumomi biyu ne suka yi magana a rana ɗaya, sai jama'a suka ɗauki ta ɗaya suka bar ɗaya.

Ta farko ita ce cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa. Aikinta shi ne ta duba ko abu na da ikon jawo kansa ko ta wane hali, ba tare da la'akari da yawan da mutum ke ci ba. Tana da rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfin hujja. Rukuni na 1 na waɗanda aka tabbatar ne, irin su taba sigari da giya da naman da aka sarrafa a masana'anta. Rukuni na 2A na waɗanda ake kyautata zato ne, jan nama na ciki. Rukuni na 2B kuwa na waɗanda hujjarsu ke da rauni ne, an ga alama amma ba ta kai a yanke hukunci ba. Nan aka ajiye asfatem, bisa wasu nazarce-nazarce ƙalilan da suka shafi kansar hanta. Wato a tsanin IARC ɗin kanta, naman da muke ci a wajen mai tsire a Obalende yana hawa ɗaya sama da asfatem. Ban ji wanda ya tura saƙon murya a kan tsire ba.

Ta biyu kwamitin haɗin gwiwa ne na Hukumar Lafiya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, JECFA, wanda shi ke duba adadin da mutum zai iya ci ba tare da fargaba ba. Ya sake bin hujjojin, ya ce bai ga dalilin sauya ma'auninsa na da ba: miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai nauyin kilo 70 iyakarsa miligiram 2,800 ke nan. Gwangwani ɗaya na ɗauke da tsakanin 200 da 300, don haka sai ya shanye sama da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya ƙetare layin.

Fassarar abin a taƙaice: ba a wanke asfatem tas ba, an ce a ci gaba da bincike, amma ba a ce wa mai shan gwangwani ɗaya ko biyu ya daina ba. Wanda ya ji wannan ya ajiye ziro ya koma roba uku na mai sukari, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Amma ziro ba magani ba ne

Nan kuma masu talla ne ba za su so abin da zan faɗa ba. Wata biyu kafin hayaniyar kansa, a Mayun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata shawara da ba ta yi suna ba, alhali ta fi shafar rayuwar mutane. Ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi a matsayin hanyar rage ƙiba ko kare kai daga cututtuka irin su ciwon sukari da na zuciya. Ta kuma bayyana cewa shawarar mai sharaɗi ce, domin hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba, sannan ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba.

Me ya kawo wannan taka-tsantsan? Bincike iri biyu ne ke jan igiya.

Iri na farko gwaji ne: a raba mutane gida biyu, a ba waɗannan mai sukari, waɗancan marar sukari, a jira a auna. An yi irinsa a Holan a kan yara 641, aka buga sakamakon a 2012. Kowane yaro na shan gwangwani ɗaya na mililita 250 a rana har wata 18, bai san wanne ake ba shi ba. A ƙarshe yaran da suka sha mai sukari sun fi sauran ƙara nauyi da kusan kilo ɗaya. Gwaje-gwaje irin wannan galibi suna nuna cewa musanya mai sukari da marar sukari na rage nauyi, ko da kaɗan ne.

Iri na biyu bibiya ce: a tambayi dubban mutane abin da suke ci da sha, a bi su shekaru a ga wa ya kamu da me. Wata babbar bibiya a Faransa mai mutum sama da dubu 100 ta ba da rahoto a 2022 cewa masu yawan amfani da sinadaran zaƙi sun ɗan fi saura kamuwa da kansa da cututtukan zuciya. Abin dubawa ne, ba a yi watsi da shi ba. Sai dai akwai tarko a cikin irin wannan lissafi, kuma kawuna misali ne a tsaye. Wa ke sayen ziro a Legas? Ba yaro ɗan acaba mai jini a jika ba. Wanda likita ya riga ya ja wa kunne ne, mai teɓa, mai hawan jini, wanda mahaifinsa ya rasa ƙafa. In ka ƙirga marasa lafiya a cikin masu shan ziro za ka same su da yawa, amma da ciwonsu suka zo. Kamar a ce tunda duk wanda ke riƙe da sanda yana ɗingishi, sanda ce ke kawo ɗingishi. Masu bincike na ƙoƙarin tace wannan, amma ba ya tacuwa duka.

Akwai kuma batun ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun gwada mutum 120 a 2022, suka ga sakarin da sukuralos sun sauya yanayin waɗannan ƙwayoyi da yadda jikin wasu ke sarrafa sukari. Gwajin na mako biyu ne kawai, kuma mutane sun bambanta ƙwarai a yadda abin ya taɓa su. Ƙofa ce da aka buɗe, ba a kai ƙarshen ɗakin ba.

Abin da ya fi damuna ni kam ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Na sha ganin mutum ya sayi ziro, sai ya ji kamar ya biya kaffara, ya ƙara Gala biyu da cincin. Kuma harshen da ya saba da zaƙi mai tsanani ba ya jin daɗin ruwa, ba ya jin zaƙin gwanda. Ziro na cire sukarin, ba ya cire sabon da aka yi da zaƙi.

Inda su biyun suka yi tarayya

Haƙori bai san bambancinsu sosai ba. Lemon kola na da tsami mai ƙarfi, a ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, yana wajen 2.5 zuwa 3, alhali farin rufin haƙori na fara zaizayewa da zarar an sauka ƙasa da 5.5. Mai sukari na yin ɓarna biyu, ga tsamin ga abincin ƙwayoyin da ke huda haƙori. Ziro na yin ɗaya. Wanda ke riƙe roba yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga Mile 2 har Apapa ya fi cutar da haƙoransa a kan wanda ya sha tare da abinci ya kuskure baki da ruwa. Kuma ba a goge baki nan take bayan sha, a ɗan jira rabin awa.

Kafeyin ma na nan a duka biyun in kola ne, kimanin miligiram 34 a gwangwani, bai kai na kofi ba amma ya isa ya hana yaro barci. Gas ɗin da mutane ke tsoro har suna girgiza roba don ya fita shi ne mafi ƙarancin laifi. Yana kumbura ciki, yana sa gyatsa, yana iya tayar wa mai ƙwannafi ciwonsa, amma ba shi ke haƙa olsa ba.

Rashin yardar mutanen Legas da kamfanonin lemo ma ba daga sama ya faɗo ba, ruwa ba ya tsami banza. A Maris na 2017 wata babbar kotun jihar Legas ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin Fanta da Sprite cewa kada a haɗa su da bitamin C, bayan ƙarar wani ɗan kasuwa da hukumomin Ingila suka riƙe masa kaya saboda yawan sinadarin hana lalacewa. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito ta ce adadin bai wuce ƙa'idar da Najeriya ke bi ba. Wannan shari'a a kan sinadarin adanawa ce, ba ta shafi sukari ko asfatem ba, amma a bakin jama'a duk an zuba su a tukunya ɗaya.

Ga mai ciwon sukari: wuri ɗaya da ziro ke iya kashewa

Ga wanda ya riga ya kamu, in dai tsakanin biyun ne zaɓi, ziro ya fi, ba ma kusa ba. Amma akwai lokacin da abin ke juyewa, kuma iyalan masu ciwon ya kamata su sani. Mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin rage sukari, in ya sha magani bai ci abinci ba, ko ya yi aikin ƙarfi, ko yana azumi, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Sai ka ga gumi, karkarwa, jiri, magana ta fara rikicewa. A wannan hali abin da ake so shi ne sukari na gaske cikin gaggawa, kamar giram 15: rabin kofi na lemo mai sukari, ko cokali uku zuwa huɗu a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. In aka ɗauko masa ziro don an san "ba ya shan zaƙi", ruwa aka ba shi. In kuma ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa.

Waɗanda ba a sa su a lissafi

Mun sa wa lemon kwalba ido, amma akwai 'yan uwansa da ke shiga gida da sallama. Na farko lemon malt. An ɗauke shi abincin mai jego da marar lafiya, ana haɗa shi da madarar gwangwani a ce yana ƙara jini. Kallon kitse ake yi wa rogo. Juya kwalbar ka karanta, sukarinsa na gogayya da na kola, kuma ba shi ne maganin ƙarancin jini ba. Haka lemon kwali da ake ba yara su tafi makaranta da shi, da lemukan ƙarin kuzari da direbobin tirela ke sha a layin Apapa don kada barci ya ɗauke su. Akwai kuma lemukan da ke haɗa sukari da sinadarin zaƙi a roba guda, don haka launin murfi ba ya isa, sai an duba layin da aka rubuta yawan sukari a kowace mililita 100.

Namu na gida ma ba su tsira ba. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura, asalinsu lafiyayyu ne, amma na sayarwa ana zuba musu sukari da gwangwani ba da cokali ba, tunda wanda bai yi zaƙi ba kwantai yake yi. Zuma, duk da darajarta, a ma'aunin Hukumar Lafiya tana cikin sukarin da ake ƙirgawa, haka ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Shayin mai shayi kuwa, ga sukari ga madara mai kauri ga Milo, wani kofin ya fi robar lemo. Fifikon na gida ɗaya ne: hannunka ne a kan cokali. A watan azumi ake ganin abin sosai, a buɗe baki da dabino, a bi da zoɓo, a bi da kunu, a rufe da lemo mai sanyi, duk kafin sallar isha'i.

Harajin naira 10

A Najeriya, lemon kwalba ɗan Legas ne na asali. A nan aka kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a 1951, Seven-Up kuma ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 1960, ranar samun 'yancin kai. Da roba ta zo, sannan Big Cola da Bigi suka shigo da gasar farashi, sai girman abin sha ya ƙaru, ya kuma bar wajen biki ya dawo abincin ranar mai neman na kansa. Leburan da ba shi da lokacin zama a buka, Gala da La Casera ne tuwonsa.

Dokar kuɗi ta 2021, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemuka masu gas da masu zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta yi adawa, tana cewa zai rage ciniki ya jawo sallamar ma'aikata. Ƙungiyoyin fafutuka irin su CAPPA da ke nan Legas na cewa kuɗin ya yi kaɗan, suna neman a kai shi naira 130, suna kafa hujja da shawarar Hukumar Lafiya cewa sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin mutane su rage sha. A nan suna da gaskiya: naira 5 a kan robar 50cl, tsadar kaya ta riga ta haɗiye ta, ba wanda ya ji.

Amma ni a ganina matsalar harajin ba ƙanƙantarsa kaɗai ba ce, ginin ne. A kan lita aka ɗora shi, ba a kan yawan sukari ba, don haka kamfanin da ya rage sukari bai ci ribar komai ba. Meziko ta bi hanyar lita a 2014, feso ɗaya kan kowace lita, kuma saye ya ragu. Birtaniya ta bi wata hanya a 2018: lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba babu haraji, daga 5 zuwa 8 akwai, daga 8 zuwa sama ya fi tsada. Kafin ma dokar ta fara aiki kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya, mai saye ya sha ƙasa da abin da yake sha ba tare da an yi masa wa'azi ba. Da yawansu da sinadaran zaƙi suka cike gurbin, wato mun dawo kan tambayar da muka fara da ita. Masu cewa harajin talaka zai fi ji ba su yi ƙarya ba. Sai dai kuɗin insulin da na wankin ƙoda ma talakan ne ya fi ji, kuma dokar ba ta ware kuɗin harajin don asibitoci ba.

Na koma Mile 12 bayan mako biyu. Kawu ya ajiye mai sukarin nan mai jan murfi, amma bai koma uku na ziro ba, ɗaya yake sha, a kan shinkafar rana. Na hantsi da na gosulo ya maye su da fiya wata, yana ƙorafin cewa ruwa ba ya "sauka" kamar lemo. Ya ciro na'urar gwajinsa daga aljihun 'yar shara ya nuna mini lambar da ta ba shi da asuba, 148. Likitansa na son ganin ƙasa da 130. Na tambaye shi shayin dare fa, cokali nawa?

"Kai ɗan nan," in ji shi, "lemo muka yi magana. Shayi ba ya ciki."